Yatsu a bangon mai hatsi

Ina aiki a sashen ruwa na ƙaramar hukuma a Tambuwal lokacin da wata malamar zane ta shigo ofishinmu. Ta ce tana son sanin ƙauyukan da rijiyoyinsu ke ƙafewa da rani. Na ce muna da alƙaluman, sai dai ba mai duba su in ba mu ba. Ta ce in same ta ranar kasuwa.

Son ganin abin da za ta yi ne kawai ya kai ni. Wani mai shagon hatsi ya ara mata bangonsa. Ta shafe shi da farar ƙasa, ta zana hanya daga Jabo har Kebbe da Fakku, da ƙauyuka a gefe. Ta ajiye ƙore biyu, ɗaya da shuni, ɗaya da jar ƙasa damammiya. Wanda rijiyar garinsu ke kaiwa damina da ruwa ya tsoma yatsa a shuni ya dangwala kusa da sunan garin. Wanda tasu ke ƙafewa ya sa ja.

Da farko nesa mutane suka tsaya.

"Malama, wanga ba dangwalen zaɓe ba ne?" in ji wani.

"A'a, Baba, ba wanda za ya samu kujera."

Aka yi dariya, 'yan kabu-kabu suka fara dangwalawa, saura suka biyo.

Wani dattijo daga wajen Jabo ya dangwala ja, ya sake tsomawa, ya ƙara wani a ƙasa. Na matsa na tambaye shi na biyun na wane ne.

"Na uwargida ne," ya ce. "Ita ka ɗibar ruwan, ba ni ba."

Nan take maza suka shiga ƙara na matansu da na 'ya'yansu. Na raɗa wa malamar cewa lissafi ya ɓaci. Ta ce ita ma ba ta zata ba, amma mu bari mu gani.

Da kasuwa ta zagayo, sai ga dattijon da matar tasa a bayan babur. Ta daɗe tana kallon bangon, aka nuna mata garinsu. Ta tsoma yatsa a shuni, ta dangwala can nesa da garin, a wani fili da ba a zana kome ba.

"Inna, ai ba gari nan," na ce.

"Nan nika ɗiba, ɗana. Ba can ba."

Masu sayar da daddawa da kuka suka taso, kowacce tana neman inda take ɗiba. Kafin la'asar filin nan ya cika da shuni. Matan ƙauyuka dabam-dabam suka tsaya suna gaisawa, don sun san juna a bakin ruwa amma ba su taɓa tambayar garin juna ba.

Abin ya tsaya mini a rai. Ranar Asabar na hau babur na bi kwatancen dattijon. Na iske busasshiyar ƙorama, mata sun tona ramuka cikin rairayi suna jiran ruwa ya tsattsafo, suna hira. Innar ta gane ni. Ta kore dattin saman da gindin ludayi, ta ɗebo ta miƙo mini. Ruwan da sanyi, yana ɗan ƙanshin ƙasa. Na zauna gindin wata kanya ina ta tambayarsu yadda ake gane wurin tonawa, har rana ta yi zafi suka fara ɗaukar tulunansu.