Zogalen Badamagare

Wauta dai na tafka ta iri-iri a rayuwata, amma wadda na yi a kan abincin matan coci ta fi ba ni kunya, don da bakina cike aka kama ni.

Ina da aboki Badamagare. Tare muka tsufa a wani kamfanin fata a Challawa, ni ina gadin ƙofa, shi yana cikin ruwan jima. Da ƙarfi ya ƙare aka sallame mu. Ni na koma gun ɗana a Zawaciki, shi kuwa iyalinsa na can Nijar, ɗaki ɗaya ya kama a bayan katangar kamfani. Tari ya kwantar da shi. Asibiti suka ba shi ƙwayoyi, suka ce kada ya kuskura ya sha sai da abinci a ciki. Ga shi ba ya ci. Ya rame har zobensa ya koma babban yatsa, ni kuma na fara tunanin wa zan aika Damagaram da labari.

A lokacin ne wasu mata 'yan coci suka fara zuwa unguwar a adaidaita sahu, suna raba wa tsofaffi marasa lafiya abinci a langa. Babbarsu wata dattijuwa ce, tsohuwar nas, Hausarta ta fi tawa tsabta. Suka ajiye wa abokina tasa. Ya ce ya ƙoshi.

Nan da nan na gano dalili, don ni ba a boko na yi nisa ba, a saurin fahimta ne. Na ce abincin Kirista ne yake gudu. Na tare dattijuwar a ƙofa.

"Mama, naman nan wa ya yanka?"

"Mahaucin bakin titin Sharada, Baba. Wanda kuke sahu ɗaya a masallaci."

Na kai masa wannan bishara. Ya ce ya ƙoshi. Sai na ƙirƙiro dabara: in karɓi langar a waje, in juye a kwanon gidanmu, in ce surukata ce ta aiko. Ya dubi kwanon, ya juya fuska bango.

"Bakano, ka cika surutu. Na ce na ƙoshi."

To, abinci ba a zubarwa. Shinkafa da wake, wata rana tuwo miyar kuɓewa, ga nama har tsoka biyu. Na dinga zama a bayan ƙofarsa ina hana almubazzaranci. Ni ina murjewa, shi yana ƙarewa, matan kuma suna karɓar langa a wanke suna gode wa Allah.

Ran nan dattijuwar ta ce sai ta gan shi da idonta. Ta yi sallama ta shigo, ta same ni da ƙashi a baki. Ta wuce ni. Ta duba ƙwayoyin, ko ɓallewa ba a yi ba. Ta durƙusa gefen tabarmarsa.

"Baba, gaya mini gaskiya. Girkinmu ne bai yi maka ba?"

Ya dubi langar, ya ce:

"Baiwar Allah, a gidanmu ba a mai da kwanon mace wayam. Ni ko ɓarin goro ba ni da shi."

Ashe ba coci ba ne, ba mahauci ba ne. Ta leƙa ta taga, ta ga zogale ya yi lif a jikin katanga.

"Wancan na wa ne?"

"Ni na dasa."

"Haba Baba! Mu muna wahalar nemansa a kasuwa don tsofaffinmu, kai kana zaune a kansa? Daga yau langar nan kada ta dawo mini sai cike da ganye."

Na ga mutumin nan ya yunƙura ya zauna da kansa.

"Bakano, tashi ka tsinko. Na sama-sama, masu laushi, ba irin aikinku na ha'inci ba."

Ina can ina fama da reshe na ji ƙarar cokali a langa. Wallahi sai da na jingina da katanga ina saurare. Ya ci rabi, ya sha magani, ya nemi ruwa, ya zage ni a kan ganyen da na haɗo da itace. Zagin nan ya yi mini daɗi.

Kafin damina ta wuce yana takawa masallaci da sanda, zoben ya koma yatsansa na da.

Ranar dai, da na miƙa wa dattijuwar langa cike da zogale, ta rufe ta, ta dubi tumbina.

"To Baba, shi ya biya nasa. Kai da ka cinye na baya, me za ka sa mana a ciki?"