Ranar Da Na Raka Zozan Kotun Neman Mafaka

Stapleton, biyar da rabi na asuba

Ƙarfe biyar da rabi daidai muka ja ƙofa, wata Talata cikin watan Oktoba, gari bai ko yi niyyar wayewa ba. Maigidana, Baban Rahila, ya tsaya a bakin matakala ya yi mana addu'a, sannan ya dube ni ya ce, "Laraba, abin da idonki ya gani shi za ki faɗa wa alƙali. Ban da ƙarin gishiri." Na ce to. Ya san halina.

'Yan'uwa na gida, wadda na raka sunanta Zozan, Bakurɗiya ce daga kudu maso gabashin Turkiyya. A gidan kula da tsofaffi inda nake aikin jinya muka haɗu, ita tana sashen wanki. Da 'yarmu Rahila ta tafi jami'a sai muka ba ta ɗakin. Malamar firamare ce a garinsu, har jama'a suka zaɓe ta kansila a ƙarƙashin jam'iyyar da ke kare haƙƙin Kurdawa. Jam'iyya ce mai rajista, da 'yan majalisarta a babban birni. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a ƙasar, sai aka wayi gari an tuɓe shugabannin ƙaramar hukumarsu an ɗora kantoma. Mu da muka ga mulkin soja ba sai an fassara mana kantoma ba. Aka kai samame ofishin jam'iyyar, aka kore ta daga koyarwa, aka tsare ta mako shida saboda jawabin da ta yi a wurin wata ta'aziyya. Da aka ba da belinta ta samu ta fito daga ƙasar. Daga baya aka soke fasfonta, aka fitar da sammacin kama ta.

A ranar ne kotun shige da fice za ta yanke ko a ba ta mafaka ko a mayar da ita. Ni ce shaidarta.

Tafiyar minti bakwai ce a ƙafa zuwa tashar jirgin ƙasa. Zozan ta rungume wata jakar leda mai ɗauke da takardar shaidar cin zaɓenta da takardun tuhuma, kamar mai goyon jariri a gaba. Jirgi ya zo shida saura minti takwas. Tasha biyu kacal muka sauka St. George, muka biya dala biyu da santi saba'in da biyar kowaccenmu a ƙofar fita.

Jirgin fito, shida da minti ashirin

Shingen farko a zauren jiran jirgin ruwa yake: 'yan sanda biyu da kare mai sansanar kaya. Kullum ina wuce su ba na ko kallo. Yau sai na ji farcen Zozan a damtsena. Karen ya sansani jakar, ya yi atishawa, ya wuce. Ɗan sandan ya ce mana barka da asuba. Ba ta amsa ba, ni na amsa mana mu biyu.

Jirgin kyauta ne, kilomita takwas da ɗoriya, minti ashirin da biyar. Cike yake da masu aikin safe, ma'aikatan gini da na asibiti, kowa na gyangyaɗi. Na saya mana shayi kofi biyu a dala uku. Mun kai tsakiyar ruwa sai ta matso kusa da ni.

"Mene ne?"

"Sista, mutumin da ke bayanmu. Turkanci yake yi a waya."

Na waiwaya a hankali. Wani mai ƙiba ne da baƙar kwat, yana ta surutu yana murza ido don barci.

"Me yake cewa?"

Ta kasa kunne, fuskarta ta yi fari fat. Can sai na ga kafaɗunta sun sauka. "Da matarsa yake faɗa. Wai ta manta ba ta sa masa maganin hawan jini a jaka ba."

Na fashe da dariya har wata mata ta harare ni. Zozan ba ta yi dariya ba, amma ta shanye shayin. Mutumin bai san ma muna duniya ba. Da muka sauka ya yi hagu, muka yi dama.

Manhattan, bakwai da minti goma

Daga Bowling Green muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba huɗu, tasha uku, ba mu sake biya ba. Muka tarar layi ya riga ya zagaye ginin gwamnatin da kotun take ciki. Iska daga kogi tana shiga har ƙashi. Minti arba'in da biyar muka yi a tsaye, gabanmu 'yan Sin, bayanmu wasu iyali masu Sifaniyanci da yara cikin kayan coci.

Shinge na biyu ya fi na filin jirgin sama tsanani. A cire takalmi, a cire bel, a cire agogo, a zuba waya a tire. Mai gadin ya miƙa hannu zai karɓi jakar ledar, Zozan ta ƙi saki.

"Baiwar Allah, na'ura ce kawai za ta bi, ga ta can za ta fito," in ji shi.

Na ce mata, "Ni zan fara wucewa in tsaya can. Da ta fito hannuna za ta faɗa." Sai ta saki. Na tsaya ba takalmi a ƙafa na cafe ta.

Lauyarta, wata gajeriyar Baturiya mai furfura da saurin magana, tana jiranmu a bakin lifta. Ta ce, "Ke shaida ba za ki shiga ba sai an kira ki. Zauna a nan." Takwas da rabi aka rufe ƙofa a kansu.

Benci, awa uku

Babu taga, babu agogo a bango, sai benci da iyalai masu jira. Mako uku ina bitar abin da zan faɗa, amma a kan bencin nan komai ya gudu daga kaina. Na buɗe Zabura a waya ina karantawa a hankali da Hausa. Wani dattijo mai hula a gefena ya leƙo.

"Yaya, Bahaushiya ce?"

"Daga Zonkwa, jihar Kaduna."

"Ni Maraɗi. Issufu. Ina da tebur a Harlem, huluna da tabarau." Ya ce randebu ɗinsa na uku ke nan, wato zaman kotu, kullum ɗagawa ake yi, yau ma aboka ɗinsa, wato lauyansa, bai iso ba tukuna. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, ya girgiza kai. "Kansila? Wadda aka zaɓa da ƙuri'a? To in mai ƙuri'a ya gudu, mai tebur ina za shi?" Ya ciro goro ya ɓara ya ba ni rabi. Rabona da goro tun bikin ƙanwata, amma na ci. Ya ce in Allah Ya sa an dace, mu je titi na ɗari da sha shida mu nemi shagon abincin Hajiya Mariyama, mu ce shi ya aiko mu.

Sha ɗaya da rabi aka kira sunana.

Ɗakin ƙarami ne, bai kai ajin firamare ba. Mai shari'ar mace ce baƙar fata, da tabarau a kan hanci. Zozan na gefe, idanunta jajur. Na ɗaga hannu na yi rantsuwa. Lauyarta ta tambaye ni abin da na sani, na faɗi na ranar wata Asabar da rana tsaka, lokacin da mai kawo saƙo ya buga ƙofarmu da ƙarfi. Na karɓi kwalin na dawo ban ga Zozan ba. Sai a banɗaki na same ta, cikin bahon wanka, ta ja labule, ta sa takalmi da rigar sanyi, ta shirya a tafi da ita.

Lauyan gwamnati, wani saurayi mai ladabi, ya miƙe. "Yaya aka yi kika san ba don ki gani ta yi ba?"

Raina ya ɓaci, amma na tuna maganar Baban Rahila. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara goma sha tara ina jinya. Na riƙe hannunta na ƙirga bugun jininta. Mutum na iya ƙaryar kuka, amma ban taɓa ganin wanda ya yi ƙaryar wannan ba."

Ya ce ba shi da sauran tambaya. Minti goma sha biyu ke nan duka. Mai shari'a ta ce ina iya zama a baya.

Ta ɗauki kusan minti ashirin tana karanto hukunci, tafinta na mayarwa ta lasifikar waya. Rabin Turancin ya fi ƙarfina. Abin da na kama shi ne ta yarda da maganar Zozan, kuma abin da aka yi mata saboda ra'ayinta na siyasa ne. Sai ta ce an ba ta mafaka. Ta tambayi lauyan gwamnati ko zai ɗaukaka ƙara. Ya duba takardunsa. Ya ce a'a.

Zozan ba ta motsa ba sai da tafinta ya gama. Sannan ta kifa goshinta a kan tebur. Ni ce na yi abin kunya, na ce "Na gode Yesu!" da ƙarfi, da Hausa. Mai shari'a ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wannan ba sai an fassara mata ba.

Da muka fito, bencin Malam Issufu babu kowa. Ban san yadda tasa ta ƙare ba a ranar.

Harlem, ɗaya da rabi

Jirgi mai lamba biyu ya kai mu titi na ɗari da sha shida cikin minti ashirin da biyar. Teloli, masu turare, masu katin waya, Faransanci da Zabarmanci da Hausa duk a cakuɗe. Tambaya ɗaya muka yi aka nuna mana shagon. Hajiya Mariyama 'yar Damagaram ce, doguwa mai fara'a.

"Issufu ya aiko ku? An dace ke nan. Ku zauna, ku zauna. Wace ce mai papiye, wadda ta sami takarda?"

Na nuna Zozan. Hajiya ta rungume ta kamar ta san ta. Ta kawo dambun shinkafa da zogale, da soyayyen kifi, da zoɓo mai sanyi. Dala sha biyu ne faranti. Nawa ta karɓa, na Zozan ta rantse ba za ta taɓa ba.

Kwana biyu Zozan ba ta ci abin kirki ba. Ta share farantin tas, sannan bakinta ya buɗe, ta ba ni labarin awa ukun da ban gani ba. Wai abin da ya fara sa ta kuka shi ne mai shari'a ta tambaye ta da wane harshe ta fi son ta yi magana. Ta ce Kurdanci. Aka ce to, ga tafinta.

"Sista, ban taɓa tsayawa gaban hukuma an yi mini wannan tambayar ba."

Inda aka fi daɗewa kuwa shi ne batun 'yan bindigar da ke kan duwatsu. Gwamnatin ƙasarsu na cewa jam'iyyar da su duk ɗaya ne, jam'iyyar na musantawa. Ni ba masaniyar siyasarsu ba ce, ba zan yanke muku ba. Lauyan gwamnati ya yi ta juya tambayar: ta taɓa ba su kuɗi? Abinci fa? Masauki?

"Me kika ce?"

"Na ce abin da na raba shi ne takardun kamfe. Na ce aikin da na yi a majalisa shi ne famfo a unguwa biyu da ɗakin renon yara, kuma kantoma ya rufe ɗakin."

Sai ta shiga juya cokali. Abokin aikinta da suka ci zaɓe tare, wani dattijo mai ciwon suga, har yanzu yana kurkuku. Ta ce, "Shi ya ƙi barin ƙasar. Ya ce dole wani ya tsaya." Na ƙara mata zoɓo.

Kusan ƙarfe uku ta ce za ta kira mahaifiyarta kafin tsohuwar ta kwanta, don can dare ya yi. Na ce, "Gaya mata kin ci shari'a!" Ta girgiza kai, ta ce ba a faɗin irin wannan a waya, ƙanenta na aikin gwamnati. Ta yi magana minti biyu, na ji kukan tsohuwar yana fitowa ta wayar har inda nake.

"Me kika ce mata?"

"Na ce likita ya duba ni, ya ce babu abin da zai same ni."

Komawa

Huɗu saura kwata muka yi sallama da Hajiya, na bar mata lambata ta ba Malam Issufu. Jirgi mai lamba biyu zuwa Chambers, muka canza zuwa mai lamba ɗaya har South Ferry. Muka sami jirgin fito na ƙarfe biyar, cike da masu tashi daga aiki da 'yan yawon buɗe ido. Ban ankara ba na ji nauyi a kafaɗata. Zozan ta yi barci, baki buɗe, har da minshari. Da jirgi ya tsaya sai da na girgiza ta sau uku.

Shida saura minti biyar muka hau matakalar gida. Baban Rahila ya dawo aiki da wuri, ya kasa zama, yana tsaye a bakin ƙofa. Bai tambaya ba, fuskokinmu ya duba, ya cire hula ya ce, "Madalla." Ya riga ya kwaɓa tuwon semo, duk gudaji, ya ɗumama miyar kuka. Muka ci a hakan.

Washegari da hantsi Malam Issufu ya kira, ya ce an sake ɗaga tasa zuwa baɗi, amma ya yi murna da tamu. Ku sa shi a addu'a, da dattijon da ke tsare. Godiya ga Hajiya Mariyama da ta ciyar da baƙuwar da ba ta sani ba, da lauya mai furfura, da maigidana. Godiya mafi girma ga Allah da Ya fitar da mu biyu da asuba, Ya kuma dawo da mu biyu.