Robar Awon Zobe

Ni ban iya karatun boko ba. Shekara arba'in da ɗoriya Malam, mijina, ne yake karanta min komai, takardar GP, wato likitanmu, ta hukumar council, har rubutun jikin kwalbar magani. Tun da Allah Ya yi masa rasuwa nake zaune gidan ɗana a unguwar Balsall Heath cikin Birmingham, kuma har yau in takarda ta faɗo ta ƙofa sai na ji kuka ya zo min.

Saurayin jikata yana aiki a Manchester. Manya sun riga sun gana, amma yaran nan na Ingila sai an durƙusa da zobe tukuna suke jin an nemi aurensu. Ya zo gaishe ni, ya faki ido ya ba ni wata siririyar roba mai rubutu, ta awon zobe. Ya ce in zagaya ta a yatsanta ba tare da ta gane ba, in duba harafin da ta tsaya a kai, zai kira ni. Na ce ba komai. Ban iya buɗe baki na gaya wa surukin gobe cewa ni duhu ce ba.

Awon bai ba ni wahala ba. Ana jibi Sallah na zaunar da ita ƙunshi, ina liƙa mata salatif, na ɗaure robar a ciki, na ce don kada lalle ya zarce. Tana ta danna waya da ɗayan hannun tana tsokanata wai zanena na zamanin da ne.

Da ya kira, robar tana tafin hannuna. Na zuba mata ido.

"Kaka, wane harafi ne?"

Na faɗi wanda ya zo bakina, wanda nake ji ana faɗa. Ya ce kin tabbata? Na ce ni za ka koya wa awo?

A bakin ruwa a Salford, kusa da Manchester, ya durƙusa mata, ƙawayenta na ɗaukar hoto. Zoben ya yi mata yawa, ko a babban yatsa lilo yake. Ta dawo Birmingham a jirgin ƙasa idonta a kumbure. Wata ƙawa ta raɗa mata cewa ƙila don wata ya saya tun da, aka fasa, ya ajiye. Shi kuma ya ƙi kare kansa, don kada ya ambaci sunana.

Kwana uku ina jin tana kashe masa waya. Ina cin abinci, ina salla, na yi gum. Wannan ne abin da ya fi damuna, ya fi rashin karatun.

Rana ta huɗu na same ta a kicin, na ajiye robar a gabanta, a ɗaure yadda na cire ta. Na gaya mata duka. Ta duba harafin, ta dube ni.

"Kaka, ai duk gidan nan mun san ba kya karatu. Shi kaɗai ne bai sani ba."

Na ce to kira min shi, ni zan faɗa masa da bakina. Ta latsa, ta miƙo min. Na gaishe shi, ni tsohuwa, kafin ya gaishe ni.