Mutanen da Yaya Sule Ya Ɗaukar wa Alkawari

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Sule makwancinsa, a maƙabartar da ke bayan garinmu a ƙasar Bebeji. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Ba zan iya ba da labarinsa ba sai na faɗi abin da abokansa suka yi masa, kuma yawancinsu suna raye, muna haɗuwa a masallacin Juma'a da wajen ɗaurin aure. Bana dai na ga shirun ya isa haka.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Yana yaro aka tashe su daga tsohon garinmu, wanda ruwan dam ɗin Tiga ya cinye. Ni a sabon mazauni aka haife ni, ban san wani gida ba sai shi. Shi kuwa bai taɓa mance yadda Innarmu takan tsaya a bakin rijiya da tulu ba, tana jira sai matan da suka riga mu zama sun gama ɗiba, tana jin ana cewa a bari baƙi su zo daga baya. Yakan ce tafiyar da suka yi ba ta kai ta wuni ɗaya a ƙasa ba, amma ta isa ta mai da mutum baƙo.

Mu biyun mun yi aiki a wani kamfanin casar shinkafa da ke kusa da babban titi, kafin ka kai Kwanar Dangora. Shi ne mai kula da tukunyar da ake turara shinkafa, ni kuma ina cikin masu ɗinke bakin buhu. Ma'aikata suka zaɓe shi shugaban ƙungiya, suka zaɓi Garba mataimakinsa. Garba abokinsa ne tun firamare, shi ne ma ya yi masa abokin ango ranar da ya auri Yaya Rabi. Idan ka ga ɗaya a kan babur, ɗayan ne a baya.

A shekarar da abubuwa suka fara tsuke wa kowa, aka wayi gari manaja ya liƙa takarda a bakin ƙofa. Daga wata mai zuwa babu sauran ma'aikacin dindindin, kowa ya koma ɗan aikin yini: ranar da ake bukatarka a kira ka, ranar da ba a bukata ka zauna a gida. Ƙungiya ta nemi zama, aka ƙi. Muka shiga yajin aiki.

A rana ta biyar da hantsi, sai ga motoci biyu cike da mutane sun shige ta gabanmu. Wani ɗan kwangila ne ya kwaso su daga Nijar. Kafin ka ce me, wasu daga cikinmu sun fara karyo rassan darbejiya, wasu na tsintar duwatsu. Yaya Sule ya tsaya a gaban ƙofa ya ce duk wanda zai daki wani ya fara da shi. Garba ya zo ya tsaya a gefensa. Ina so a riƙe wannan, domin ba zan zalunce shi ba: ranar, Garba ya tsaya.

Da azahar baƙin suka fito sallah a ɗan masallacin da ke wajen katanga. Yaya Sule ya yi alwala ya shiga sahu tare da su. Bayan an sallame ya nemi babbansu, wani dogon mutum mai furfura a gemu, Ma'azu, daga wajen Tasawa. Ina kusa, na ji yadda suka yi. Ma'azu ya ce an faɗa musu sabon kamfani ne da ya rasa ma'aikata, babu wanda ya ambata musu yajin aiki. Damina ba ta yi musu kyau ba, rumbunansu babu komai.

Ya ce, "Malam Sule, ku idan an kore ku gida za ku tafi ku ci tuwo. Mu idan muka ajiye aiki, wa zai tsaya mana?"

Yaya Sule ya ce, "Mu za mu tsaya. Ko mu shiga tare da ku, ko mu zauna a waje tare da ku. Na ɗaukar muku wannan alkawari a ƙofar ɗakin Allah."

Garba ya dafa ƙirji ya ce, "Ni ne shaida."

Washegari ko ɗaya daga cikinsu bai ɗauki buhu ba. Kafin la'asar an watso musu kayansu daga rumfar da aka sauke su. Muka rarraba su a zaurukanmu. Shida suka sauka a gidan Yaya Sule, Yaya Rabi ta koma ɗora babbar tukunya safe da yamma. Sati uku muka yi a haka. Sun taya mu yankan dawa, domin kaka ce, kuma Ma'azu ya koya wa rabin unguwa shan shayi mai ɗaci a ƙananan kofuna. Ban taɓa ganin Yaya Sule cikin farin ciki kamar na waɗannan kwanaki ba. Yakan ce mini, "Habu, ka ga abin da ba su taɓa tsammani ba. Sun kawo mayunwata su karya mayunwata, sai ga shi mun haɗa kwano."

Ana nan motocin shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga Tudun Wada da Doguwa suka yi layi a bakin kamfani, babu mai saukewa. Manoma na ƙorafi, shinkafa ta fara ɗaukar zafi a cikin buhu. Kowa ya san kamfani ya kusa sassautowa. A daidai wannan gaɓa surukar Yaya Sule ta rasu a Kiru, ya tafi zaman makoki na kwana uku. Ya bar ƙungiya a hannun Garba.

Ranar da ya dawo ya tarar an kira taro a filin firamare. Garba ya miƙe ya ce an yi nasara: kamfani ya janye takardarsa, kowa zai koma bakin aikinsa yadda yake a da. Aka ɗau tafi. Sai ya ƙara da cewa akwai sharaɗi ɗaya, ba za a ɗauki ko mutum ɗaya daga cikin baƙin ba, kuma ƙungiya za ta sanar cewa yajin da ta yi na kare aikin ɗan ƙasa ne. Daga nan muryarsa ta canza. Ya yi maganar ƙasarmu ta gado, ya yi maganar 'ya'yanmu da ke zaune babu aiki, ya tambaya ko akwai wanda zai cire lomar ɗansa ya ba wanda ko takardar zama ba shi da ita. Mutanen da jiya suke karɓar shayi daga hannun Ma'azu suka riƙa ɗaga murya suna cewa ɗan ƙasa ne farko.

Yaya Sule bai yi dogon jawabi ba. Ya ce da mutanen nan sun ci gaba da ɗaukar buhu, da tun satin farko an manta da mu. Ya ce nasarar da ake wa tafi da yunwarsu aka saye ta. Ya roƙi a ƙara kwana uku kawai, domin kamfani ba zai iya jure fiye da haka ba. Sannan ya juya ya kalli Garba ya ce, "Kai ne fa shaida." Garba ya sunkuyar da kai yana gyara takardun hannunsa. Da aka ce masu goyon bayan Sule su ɗaga hannu, na waiwaya na ƙirga. Mu bakwai ne.

Kamfani ya ba da mota wai a mai da baƙin gida. A Kwanar Dangora direba ya sauke su ya juya. Yaya Sule ya bi su a babur, ni a bayansa riƙe da kwanukan ɗanwake da Yaya Rabi ta cika. Muka same su zaune a kan ƙullin kayansu a gefen titi, suna tsai da manyan motocin da suka nufi Kano. Ma'azu ya karɓi kwano ya yi godiya, ya ce, "Malam Sule, kai ka yi naka. Ka gaida mana shaida." Ba mu bar wajen ba sai da na ƙarshensu ya sami mota. Sannan muka kamo hanyar gida.

Bai sake taka ƙofar kamfanin ba. Ni na koma ranar Litinin, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Shi da kansa ya ce in koma, ina da iyali, kuma ba ni na yi alkawari ba. Na karɓi wannan uzuri da sauri fiye da yadda ya kamata.

Da abin ya tsaya a nan, da wataƙila ya warke. Amma mutanen da suka san sun yi abin kunya ba sa son ganin wanda ke tuna musu. Aka fara cewa Sule ba ya kishin ƙasa. Aka ce ai dama akwai abin da baƙin suka yi masa alkawari. Har aka sami mai cewa a bincika asalinmu, tunda garin da muke cewa namu ne yana ƙarƙashin ruwa, babu mai iya zuwa ya duba. Tabarmar ƙofar gidansa, wadda da ba ka samun wajen zama a kanta bayan la'asar, ta koma daga shi sai rediyonsa. Ya kama noman rani, tumatir da albasa a bakin kanal. Ciwon hawan jini ya kama shi, bai cika shekara biyu ba ya rasu. Garba ya zo jana'iza, har da shi aka ɗauki makara.

Kafin rasuwarsa ya ga ƙarshen nasarar. Shekara ba ta zagayo ba manaja ya sake liƙa takardar nan, kalma ɗaya ba a canza ba. Garba ya kira yaji. Wannan karon ɗan kwangila bai sha wahalar zuwa Nijar ba, daga Yako da ƙauyukan Kiru ya kwaso samari, 'yan ƙasa tsantsa. Muka je muka roƙe su su ajiye aiki, muka ce za mu tsaya musu. Wani daga cikinsu ya yi dariya ya ce sun ji yadda muke tsayawa. A kwana huɗu yajin ya watse. Da na kai wa Yaya Sule labari na zaci zai ce dama ya faɗa. Tambayata kawai ya yi wa da wa aka sallama, ya sa na kai wa biyu daga cikinsu kwandon tumatir.

Yau nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo. Rayuwa ta fi wancan lokaci tsanani nesa ba kusa ba. Samarinmu na Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su ne yanzu ke tsallaka iyaka, wasu haƙar zinariya, wasu aikin gini a ƙasashen da ba su san harshensu ba. Lokaci zuwa lokaci a loda su a mota a watso su, su dawo da leɓe a fashe suna ba da labarin yadda ma'aikatan can suka nuna su da yatsa suka ce su ne suka karya farashin aiki. Muna jin zafin abin, muna Allah wadai, kuma da gaskiyarmu. Sai dai ban taɓa jin wani a majalisa ya ce mu ma mun taɓa yi ba. Ina jin Yaya Sule ba zai yi wa kowa gori ba. Zai tambaya ne ko a can an sami wanda ya bi su da kwanon abinci.

Abin da ya sa na kasa yin shiru bana ya faru ne watan jiya. Garba, wanda yanzu babba ne a harkar ƙungiyoyi, ana jin muryarsa a rediyo, ya zo gidan Yaya Rabi da mutum biyu a mota. Aka aika na zo. Bayan doguwar gaisuwa ya ce sun gina ɗakin taro, kuma sun yanke shawarar sa masa sunan marigayi, saboda gwagwarmayar da ya yi wa ma'aikacin ƙasar nan. Izinin iyali suka zo nema.

Yaya Rabi tana daga bakin ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Malam Garba, mutum shida suka kwana sati uku a zauren nan da kake zaune. Faɗa mini sunan uku."

Garba ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai an daɗe."

Ta ce, "Ni ban manta ba. Ma'azu, Illiya, Sanusi, Ɗan Tani, Mamman Gajere, da Lawali mai tari, wanda nake dafa wa kunu daban. Ka je ka rubuta su a jikin bangon. Idan wuri ya rage, ka sa na Sule a ƙasa."

Ba su ƙara minti biyar ba suka yi sallama.

Yaya Sule bai ci nasara ba, kuma ba zan yi masa ƙaryar cewa ya ci ba. Ƙungiyar da ya gina ta watsar da shi, mutanen da ya ɗaukar wa alkawari sun tafi hannu wofi, har yau ba mu san inda suke ba. Bai bar gini ba, bai bar muƙami ba. Abin da ya bari shi ne gida guda a garin nan da ba a iya shiga a sayi sunansa da fenti da allo. Na ji an buɗe ɗakin taron, an sa masa wani suna daban. Allah Ya jiƙan Yaya Sule, Ya sa ya huta. Mu da muka koma aiki ranar Litinin kuma, Allah Ya yafe mana.