Minti Bakwai na Kawu Direba

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yankar tikiti a ɗan akurkin da ke tashar ƙarshe ta motocin kamfaninmu, kuma cikin direbobin da ke wucewa ta gaban tagata babu mai jin kunyar banza irin Kawu. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, amma har manaja haka yake kiransa. Shekara ashirin da biyu yana jan bas, tumbinsa har gogar sitiyari yake yi in zai sha kwana.

A gwajin lafiyar da ake yi wa direbobi duk shekara, likitan kamfani ya ce jininsa ya hau. Ya ba shi magani, ya ce ya riƙa tafiyar ƙasa ta rabin awa kullum. Wata uku aka ɗibar masa, in jinin bai sauka ba a karɓe makulli.

Ya zo ya jingina da tagata. "'Yata, rabin awa fa ya ce. Ina zan samo ta? In fito gari bai gama wayewa ba, in koma ko takalmi da ƙyar nake cirewa."

Na ce, "To ku shiga gidan motsa jikin nan na bayan tasha mana, Kawu."

"In sa gajeren wando a gaban sa'o'in 'ya'yana? Ke dai akwai neman magana."

Na yi dariya, amma a raina tsoro na ji masa. Bawan Allahn nan ba abin da ya iya sai tuƙi, ga iyali cike da gida.

Duk sawu, direba na da minti bakwai kafin ya juya, sau biyar a yini. Da can a kan benci Kawu yake cinye su da kofin shayi. Bayan kwana biyu sai na ga ya sauko da 'yar guduma, yana zagaya motar da sauri. Ya ƙwanƙwasa wannan taya, ya wuce, ya ƙwanƙwasa waccan, ya sake zagayowa. Na ƙirga masa zagaye goma sha huɗu. Nan take na gano dawar garin, na ja bakina na yi shiru.

Fasinjoji kuwa ba su gane ba. Wa zai zauna a motar da direbanta ke bugun taya sau hamsin yana zufa? Wasu suka fara sauka suna jiran ta baya. Ƙorafi ya kai ofis. Makanike ya shiga ƙarƙashin motar sau biyu, ya fito yana rantsuwa lafiyarta ƙalau. Ranar nan manaja ya fito da kansa, a gaban direbobi ya ce za a ajiye motar a gareji, Kawu ya zauna a gida har a gano matsalar.

Kawu ya dubi gudumar hannunsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, motar ba ta da komai. Ni ne ba ni da lafiya. Tafiyar da likita ya ce in yi ce nake yi."

Na zaci za su kwashe da dariya. Babu wanda ya yi. Makanike ne kawai ya karɓe gudumarsa yana mita, wai ashe tasa ce da ta ɓata tun makon jiya.

Daga ranar Kawu hannu rabbana yake zagayensa. Kafin wata ya ƙare direbobi biyu sun bi bayansa, ni ma in layi ya tsinke nakan fito in yi uku ko huɗu.

Ranar komawa wurin likita na kasa ko shan ruwa. Da hantsi sai ga shi, ya turo mini takarda ta taga. "Karanta mini, 'yata, na manta tabarau."

Tabaran na aljihun rigarsa, ina ganinsa. Na karanta: jinin ya sauka, bai kai yadda ake so ba, amma an yarda ya ci gaba da tuƙi, ya dawo bayan wata shida.

Ya sauke numfashi, ya ciro makullinsa daga ƙusa, ya dubi agogon bango. "Saura minti huɗu," ya ce. "Riƙe mini takardar." Ya nufi bayan motar da sauri.