Jarkar Aro

A kamfanin sabulun ruwa da nake wa tuƙi, Kar-a-yar muke kiran uwar ɗakinmu. A bayan idonta ne dai, amma ta sani, wani lokacin ma takan amsa. Gajeruwar mace ce mai saurin tafiya. In ta ga ka jefar da igiyar da aka ɗaure kwali da ita, sai ta tsaya ta zuba maka ido har ka sunkuya ka ɗauka. Ni da zuciyata ke kusa, mun sha yi da ita a kan irin wannan, ban kuwa taɓa yin nasara ba.

Kamfanin gadon mahaifinsu ne, ita da yayanta. Yaya ke fita neman kasuwa, ita ke riƙe da ɗakin haɗi, inda durom-durom suke jere, ƙasa kullum da santsi. A 'yan robobi marasa kauri ake zuba sabulun, irin waɗanda ake matsewa a yar in sun ƙare.

Wata damina aka tafka ruwa, kwatar bayan gidan mahaifiyarsu ta toshe, ruwa ya shiga har ɗakin tsohuwar. Ni na kai Kar-a-yar da safe. Muka tarar da Inna a kan gado ta naɗe ƙafa, robobi na yawo a tsakar ɗaki, yawancinsu da tambarin kamfanin, wanda sunan marigayi ne. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki guda, ta goge ta da gefen mayafi, ta ba 'yarta.

"Ga sunan babanku nan a kwata," ta ce.

Har muka koma robar na kan cinyar Kar-a-yar. Gaskiya ta ba ni tausayi.

Ba a daɗe ba ta sa aka ƙero mata jarkoki masu kauri, da mariƙi da murfi mai kyau. Mai saye zai ɗauki sabulu, in ya ƙare ya dawo da jarkar, a wanke a sake cikawa. Yaya bai so ba. Da ta matsa, sai ya gindaya sharaɗi: ranar da jarkokin da ke sito suka ƙare ba su dawo ba, za a koma wa tsofaffin robobi, ita kuma ta miƙa masa makullin ɗakin haɗi. Ta bugi ƙirji ta ce ta yarda.

Abin da ta manta, ita da ya kamata ta fi kowa sani, shi ne garin nan kaf 'yan Kar-a-yar ne. Jarkar ta yi kyau da yawa. Na yi ta zagaye shaguna da gidaje ina nema, ba na samun komai sai gaisuwa da "gobe in Allah ya kai mu". Wata ta mayar da tata ta ɗiban ruwa. Wani tela ya cika tasa da yashi yana tokare ƙofa. Matata, Allah ya shirye ta, ta yanke guda ta shuka barkono. Inna da kanta ta jera nata a ƙarƙashin gado, wai wata rana za su yi amfani. Sito ya yi ta ramewa. Kowace safiya Yaya zai leƙa, ya yi gyaran murya, ya wuce.

Na ce mata ta haƙura, mutanenmu ba sa rabuwa da mazubi mai kyau. Maimakon ta ji, sai ta shiga gaban mota ta ce mu tafi tare. Muna tsaye a wani lungu, ina ta mita a kan zafi, sai ga wata mata ta fito riƙe da tukunya, ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarta, tana ta ba da haƙuri wai ta riƙe mata kaya tun shekaranjiya. Kar-a-yar ta bi ta da kallo har ta shige, sannan ta ce in juya.

Washegari ba ta canza jarka ba, ba ta canza sabulu ba. Magana kawai ta canza. Ta riƙa shiga gida-gida da shago-shago da ƙafarta, ta gaisa, ta tambayi yara, sannan ta dubi mutum ido da ido.

"Sabulun na sayar miki. Jarkar kuwa tawa ce, aro na ba ki. In kin gama zan aiko a karɓa."

Na yi mata dariya a fili. Ashe ni ne ban san mutanena ba. Wanda zai riƙe abin da ya saya har ya ruɓe, ba ya iya sakewa da kayan aro a ɗakinsa, balle na wadda ta tako da kanta. Wuri ɗaya ne abin bai yi daɗi ba. Da ta durƙusa gaban Inna ta faɗi wannan magana, tsohuwar ta ce yau kuma ita ake bi kaya a gidan mijinta, ta juya fuska bango. Kar-a-yar ta fito idonta jawur.

Jarkoki suka fara dawowa, sai dai da wata sabuwar rigima. Babu wadda ta iya mayar da kayan aro hannu biyu babu komai. Wannan ta ɗaura ƙullin albasa a mariƙi, waccan ƙwai. Wata baiwar Allah ta cika tata da shinkafa, shinkafar da har kaji suka ƙi saboda warin sabulu. Motata ta koma kamar rumfar kasuwa. Abin ya dami Kar-a-yar, don ta san wasunsu daga bakin 'ya'yansu suke cirewa. Ta hana, ba su hanu ba. Sai ta ce to, in dole sai an sa wani abu, a zuba mata man suyar da ya yi baƙi, wanda dama a kwata yake ƙarewa. Ta kafa mataci a bayan ɗakin haɗi, ta yi ta gwaji tana ɓatawa, har ta fitar da sabulun wanki na sanda daga man. A nan na sara mata, na kuma daina mita, ko da yake ba duka ba.

Duk da haka masu fita sun fi masu dawowa, sito kuma ya kusa zama fayau. Ranar da na ɗora layin ƙarshe a mota, sai ga Yaya ya shigo da motarsa da baya, ya buɗe but ɗinta. Jarkoki ne dam, kowace da mai a ciki, farar rigarsa duk ta ɓaci. Ashe Inna ce ta bi maƙwabta ta tattaro nasu, ta haɗa da nata, ta tsare shi sai da ya loda da hannunsa.

"Ta ce a gaya miki ba ta riƙe kayan aro," ya ce, yana kallon wani wuri. "Ina zan ajiye?"

Kar-a-yar ta ciro makullin daga gefen zaninta ta buɗe masa ɗakin haɗi, ta mayar da shi inda yake. Har yau bai sake tayar da maganar ba.

Da damina ta zagayo, muna dawowa daga rabo aka goce da ruwa. Ta ce in bi ta bayan gidan Inna in tsaya. Ta fita babu lema, ta tsaya bakin kwatar, ruwa na wucewa abinsa. Can sai ga roba ɗaya ta taho tana juyi. Ta sunkuya ta cafke ta, ta goge da gefen mayafi, ta duba tambarin. Ba sunan babansu ba ne. Ta ɗaga ta sama ta nuna wa Inna da ke leƙe ta taga, sannan ta jefa min ita a bayan mota.