Hular dara a ƙarƙashin ƙarafuna

Shekarar da baƙon dauro ya kama ɗana na fari muna haya a Garwa, maigidana yana busa a fanfar, ƙungiyar makaɗa ta jandarma. Abin busarsa kilarinet suke ce masa, baƙar sanda ce mai ƙarafuna da yawa da ake dannawa da yatsu.

Goggo mai gidan da muke ciki ta leƙa yaron, ta ce, "'Yata, wannan baƙo ba ya son hayaniya. Ba daka, ba suya, ba busa."

Ga defile, wato fareti, ya matso, dole maigida ya koyi sababbin kaɗe-kaɗe. Sai ya riƙa zama bakin ƙofa yana danna ƙarafunan ba ya hurawa. Amma zafin Garwa ya busar da 'yan matasan fata masu toshe ramuka a ƙarƙashin ƙarafunan, sun zube. Ko wane dannawa, ƙwas! Ni kuma ina ganin fatar idon yaron tana motsi.

Na ce, "Maigida, yana ji fa."

Ya ce, "Ke ma kunnenki kamar na zomo." Bai yi dariya ba.

Muka shiga gwajin abin da zai maye gurbinsu. Toton kara ya marmashe. Robar tiyub ɗin keke ta yi shiru da safe, rana na yi ta manne, ƙarfen ya ƙi ɗagowa. Fatar akuya daga wurin baduku ta yi kauri, ramin bai rufu ba, da ya fere ta kuma ƙarar ta dawo. Ni na tuna da jar hular darar mahaifin maigida da ke cikin akwati. Ya daɗe yana juya ta a hannu kafin ya ɗauki reza. Ya yanko daga gefe, ƙanana kamar ƙwayar dawa, ina ɗiga masa ƙaro da tsinke.

Ya danna. Yatsunsa suna ta tafiya, ba abin da nake ji sai numfashin yaro.

Allah Ya tashi kafaɗunsa, ƙurajen suka bushe. Bayan sati biyu kwano ya suɓuce mini ya faɗi a bayansa, bai waiwayo ba. Na kira shi, na tafa. A asibiti suka ce zazzaɓin ya tafi da jinsa, mai yiwuwa tun kwanakin farko.

Da yamma uban ya ɗora shi a cinya ya busa. Yaron ya ɗora tafinsa a bakin sandar na ƙasa, inda busar ke girgiza ta, ya ƙi cirewa.